Wariya ce ko kariya? Yadda aka kaya a Disamban 2021 a zauren 'yan kasuwa

Baban Ummi: Jama'a raina a ɓace yake wallahi. Shekara biyu ina tara wa Hajiyarmu kuɗin Umara, fasfo na hannun ejan, har yaji da kuka ta daka ta ƙulle a leda. Jiya ya kira ni wai Saudiyya ta dakatar da jirage daga Najeriya saboda Omicron, sabon nau'in korona, kuɗina kuma sai abin da hali ya yi. Ingila ta rufe mana ƙofa ran 6 ga Disamba, Kanada ma ta riga ta. Alhali Afirka ta Kudu ce kawai ta yi gaskiya ta sanar, Holan daga baya ta gano cutar na cikinta tun kafin sanarwar. In ba wariya ba mene ne wannan? Don Allah wa ya san yadda ake karɓo kuɗi a hannun ejan?

Alaramma: Subhanallah. Alhaji janye kalmar nan. Ka faɗa wa Ingila, amma ban da ƙasa mai tsarki. Hadisi ne ingantacce, in ka ji annoba a gari kada ka shiga, in ta same ka a ciki kada ka fita. Sayyidina Umar ya juyo daga hanyar Sham saboda annoba. Shi ma wariya ya yi?

Ɗan Landan: Allah gafarta Malam, hadisin gaskiya ne, amma annobar tana Ingila fiye da tamu, su kuma jiragensu na sauka Jidda. Ni da na zo ganin gida, in zan koma sai na biya fam 2,285 a kulle ni a otal kwana goma. Jakadanmu a Landan, Sarafa Isola, kalmar da ya yi amfani da ita ke nan a BBC, wariya.

Hajiya Mai Atamfa: Ɗana, wariya ai ta launin fata ce. A Afrilun 2021 Ingila ta sa Indiya da Pakistan a jerin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa, su baƙaƙe ne?

Ɗan Landan: To Turawa ne, Hajiya?

Hajiya Mai Atamfa: Kai dai tun da ka tafi ƙasar sanyi kake ganin kowa bai waye ba.

Alaramma: Hajjin 2020 mazauna ƙasar kaɗai suka yi, na 2021 mutum 60,000, babu baƙo ko ɗaya daga waje, fari ko baƙi. Ina wariyar take?

Na Maraɗi: Ku 'yan Najeriya yau ne kuka san zafin rufe ƙofa? Watan Agustan 2019 kuka rufe mana iyaka, babu korona babu dalilinta, sai Disamban 2020 kuka buɗe Illela da Maigatari. Albasata ta ruɓe a mota ina kallo. Wannan wane suna kuka ba ta?

Sarkin Zaure: Malam kar ka sako mana siyasa. Baba Buhari ya rufe ne don manomanmu su ci moriyar shinkafarsu.

Na Maraɗi: To nawa buhun yake yanzu?

Autan Kwari: Ni fa har yau ban ga wanda koronar ta kama ba a layinmu.

Hajiya Mai Atamfa: Auta yi mana shiru, kai da ka ɓuya bayan dilar shadda ranar da masu rigakafi suka shigo kasuwa.

Ɗan Landan: A yi adalci dai, mu ma a watan Mayu mun hana masu zuwa daga Indiya, Brazil da Turkiyya shigowa, daga baya muka ƙara da Afirka ta Kudun kanta. Yanzu kuma ministan jiragen sama Hadi Sirika na cewa za mu rama.

Alaramma: Ka gani? Da bakinka ka rushe maganarka. Kariya ce, kowa na yi.

Ɗan Landan: Ban rushe komai ba Malam, cewa na yi mu ma mun iya.

Baban Ummi: Jama'a, maganar kuɗina fa?

Na Maraɗi: Ba a amsa mini farashin buhu ba.

Sarkin Zaure: To ya isa haka. Ga abin da aka tsayar: kowa ya yarda Saudiyya kariya ta yi, Alaramma ya kawo hujjar da ba a iya turewa ba. Abin da Ingila ta yi wulaƙanci ne, gwamnatinmu kuma ta nuna ba a taka mu a kwana lafiya. Batun iyaka ba hurumin zauren nan ba ne, wanda ya sake tayar da shi zan cire shi. Alhaji kuma ka sassauta wa ejan, mu da ke harkar mun san kuɗin nan yana can hannun masu otal da jirgi, ba a aljihunsa ba. Mai son ajiye gurbin Umarar azumi ya same ni a ofis bayan la'asar.