Na sayi gida da rani, damina ta tona abin da fenti ya rufe: ina mafita?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san kan abin ya warware min.

A watan Maris na sayi gida a wata unguwa da ke gefen birnin Kano, ɗaki uku da falo, a kan naira miliyan 27. Abin da na tara ne, sai gadon uwargida da ta zuba a ciki. Dillali ne ya haɗa ni da mai gidan, wani dattijo ɗan kasuwa. An yi ciniki a gaban shaidu, mai unguwa ya sa hannu, na biya la'ada, aka miƙo min makulli da satifiket. Gida fes, sabon fenti ciki da waje.

Ruwan Agusta na kankama sai bangon ɗakin baya ya tsage tun daga ƙasan taga har kusurwa, tsagar da yatsana ke shiga. Ƙofar banɗaki ta daina rufuwa. Da na sa magini ya ɗan kankare wurin, sai ga tsohuwar tsaga a ƙarƙashi, an cusa mata takardar buhun siminti, an shafe da filasta, an bi da fenti. A nan maƙwabcina ya ce min filin tsohon kududdufi ne aka cike da shara da ƙasa, kuma bara ma bangon ya buɗe, a kan idonsu aka liƙe shi.

Na kira Alhajin. Ya ce ciniki ya faɗa, na gani na yaba kafin in biya, kuma takarda ta ce na karɓi gida a yadda yake. Dillali ya daina ɗaga wayata. Ga tsohon bashin wuta na tarar a kan gidan, sannan har yanzu satifiket da sunansa yake. Ina da hakki a kansa kuwa? Ta ina zan fara?

Maman Hanif:

Wa alaikumus salam. Kafin komai, Baban Ummi, a kwashe yara daga wannan ɗakin yau ɗin nan, ko da a falo za su riƙa kwana. Kowace damina muna jin labarin bangon da ya faɗa wa mutane cikin dare. Sannan tunda da kuɗin uwargida a ciki, duk zaman da za a yi a sanar da ita, in da hali wani daga gidansu ya halarta. Ita ma mai hakki ce.

Ɗan Sabon Gari:

Malam, wannan ai damfara ce ƙiri-ƙiri. Ka kai shi wajen 'yan sanda kawai, in ya kwana ɗaya a bayan kanta da kansa zai nemo kuɗinka.

Injiniya Abu Sadik:

Ɗan'uwa, na roƙe ka kada ka bari magini ya sake taɓa bangon nan. Wannan takardar buhun simintin da aka cusa ita ce babbar hujjarka, a bar ta inda take. Ka ɗauki hoto da bidiyo, ka ɗora tef ɗin awo a kan tsagar don faɗinta ya fito. Ka ja layi da fensir a inda ta tsaya, ka rubuta kwanan wata a gefe, bayan mako biyu ka duba ko ta wuce layin.

Tsagar da ta tashi a karkace daga taga zuwa kusurwa, ga ƙofa ta ƙi rufuwa, yawanci alama ce ta harsashin gini yana zama a gefe ɗaya. Cikon kududdufi haka yake yi: sharar da ke ƙasa tana ruɓewa, ruwa ya shiga, ƙasa ta lotsa. Filasta ba ta maganin wannan. Ka nemo injiniyan gine-gine mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ya zo ya duba, a haƙa rami a gefen harsashi a ga zurfinsa da irin ƙasar da ya hau, ya ba ka rahoto a rubuce da hatiminsa da ƙiyasin kuɗin gyara. Maganar magini ta baka ba za ta tsaya maka a gaban kowa ba.

Malam Abu Huzaifa:

Baban Ummi, Allah ya musanya maka da alheri. Maganar Alhaji cewa ciniki ya faɗa ba ta rufe ƙofa a shari'a ba. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannu cikin tsibin ya ji lema a ƙasa, ya ce me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Wanda ya san aibi a hajarsa wajibi ne ya bayyana.

Malamanmu na Malikiyya sun yi wa aibin gida bayani na musamman, kuma Ibnu Asim ya tsara shi a Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalanmu suka daɗe suna aiki da shi. Sun kasa shi uku. Akwai ɗan ƙaramin aibin da ba ya rage wa gida daraja, wannan ba a komawa kan mai sayarwa da shi. Akwai matsakaici, wanda ke rage wani abu daga kuɗin, kuma misalin da Ibnu Asim ya bayar shi ne tsagewar bango. A nan ciniki na nan, amma mai saye zai karɓi ƙimar aibin. Idan kuwa aibin ya ci sulusin kuɗin ko fiye, to mai saye na da ikon mayar da gida ya karɓi kuɗinsa. A naka lissafin sulusi shi ne miliyan 9. Ka ga ke nan rahoton da Injiniya ya ambata shi zai nuna a wane kaso kake, kuma masana ne ke ƙiyastawa, ba kai ko Alhaji ba.

Abin da na fi jiye maka shi ne jinkiri. Wanda ya ga aibi ya yi shiru, ko ya shiga gyara da ƙarin gini, ana iya ɗaukarsa ya yarda. Kiran waya da ka yi bai wadatar ba, ka sanar da shi a gaban shaidu biyu cewa ba ka yarda da aibin ba. Zamanka a gidan lokacin da ake jayayya ba ya zubar maka da hakki, malamai sun keɓance wannan.

Dillali Na Allah:

Ni sana'ata ke nan, kuma zan faɗi gaskiya ko da ta taɓa mu. Dillalin unguwa ya san tarihin kowane fili, da wuya a ce bai san kududdufi ne ba. Ka je wajen shugabannin dillalan yankin ka kai ƙorafi, su za su fito maka da shi cikin sauƙi. Amma ina ba ka shawara kada ka mai da shi abokin gaba tun yanzu. Shi ya san abin da Alhaji ya faɗa da abin da ya ɓoye, kuma mai yiwuwa ya san maginin da ya yi liƙin.

Barista Ummu Aiman:

Ɗan Sabon Gari, ka yi haƙuri, wannan hanyar tana iya juyewa kan Baban Ummi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum saboda saɓanin ciniki kawai. In aka tsare Alhaji, lauyansa zai iya shigar da ƙarar tauye hakki ya haɗa da wanda ya kai ƙorafin, mai neman diyya ya koma mai biya.

Baban Ummi, a dokar da manyan kotuna ke bi, asali mai saye ne ke da alhakin buɗe ido ya duba abin da zai saya, kuma Alhaji a nan zai fake. Sai dai akwai bambanci tsakanin aibin da ke fili da wanda aka rufe da gangan don kada a gani. Na biyun yaudara ce, kuma rubuta "a yadda yake" a takarda ba ya wanke wanda ya yi ta. Nauyin da ke kanka shi ne ka nuna ya sani. Shi ya sa maƙwabcin nan da maginin da ya liƙe bangon suka fi komai muhimmanci. Ka samu maƙwabcin cikin mutunci ka ji ko zai maimaita maganarsa a gaban mutane, domin da yawa suna faɗa a ƙofar gida, in an zo zama su ce ba ruwansu.

Batun satifiket ya fi damuna fiye da yadda ya dame ka. Dokar Amfani da Filaye ta 1978, sashe na 22, ta ce mai satifiket ba zai miƙa wa wani ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka ba shi da inganci. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Sa hannun mai unguwa shaida ce mai amfani, amma ba ta maye gurbin wannan. Ma'ana har yanzu kana buƙatar sa hannun Alhaji a takardun canjin suna. Ka je KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jihar Kano, a bincika maka fayil ɗin gidan, a ga ko akwai jingina ko wata matsala a kansa, kafin ku zauna.

Sai lauya ya rubuta masa wasiƙa mai ɗauke da rahoton injiniya da abin da kake nema da wa'adi. Daga nan a nemi sulhu, ko ta hannun mai unguwar da ya sa hannu, ko Hisba, ko cibiyar sasanci ta Multi-Door da ke ƙarƙashin Babbar Kotun jihar Kano. Shari'ar gida na iya cin shekaru, bango kuwa ba zai jira ba.

Baban Ummi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. An kwashe yara, kuma na dakatar da magini. Yanzu ƙanin Alhajin ya kira ni, ya ce a bar maganar lauya, za su turo magininsu ya gyara bangon kyauta. Barista, in karɓa?

Hajiya Inna:

Ɗana, kiran nan alama ce mai kyau, kada ka mayar masa da baƙar magana. Ka ce ka gode, a sa rana a zauna. Alhaji dattijo ne, ka tafi da babba daga danginku wanda zai iya kallon idonsa ya yi magana, kai ka yi ƙasa da murya. Amma kada kunya ta sa ka amsa abin da ba ka gamsu da shi ba.

Barista Ummu Aiman:

Kada ka karɓa a yadda suka kawo shi. In magininsu ya shafe bangon, hujjarka ta tafi, kuma gobe za a ce an yi sulhu an gama. Ka ce masa ka yarda da zama, amma bayan rahoton injiniya ya fito. Idan rahoton ya nuna gyara zai yiwu, su biya kuɗin, injiniyanka ya tsaya a kan aikin tun daga harsashi. Idan ya nuna ginin ba zai tsaya ba, maganar mayar da gida za a yi, kuma a nan sai an fayyace yaushe za a biya ka, kashi nawa, da cewa ba za ka saki makulli da satifiket ba sai kuɗin ƙarshe ya shiga asusunka.

Duk abin da aka cimma a rubuta shi, kowa ya sa hannu da shaidunsa. A sa bashin wutar a ciki, da adadinsa da ranar da zai biya. Kai kuma ka kai wa kamfanin wuta kwafin takardar ciniki don su san ranar da ka shiga. In gidan zai zauna a hannunka, Alhaji ya sa hannu a takardun canjin suna a wurin zaman, kafin a tashi. Idan a cibiyar sasanci aka yi, ka nemi a kai yarjejeniyar gaban alƙali ya amince da ita, don ta zama hukuncin da za a iya zartarwa in ya saɓa.