Take ne ko waƙa? Neman suna ga abin da 'yan Fotugal ke rerawa a filin ƙwallo

1/ Assalamu alaikum jama'a. Ina wani rubutu kan magoya bayan ƙwallo a Fotugal, sai kalma ɗaya ta tsayar da ni: hino. Da ita suke kiran taken ƙasarsu, da ita kuma suke kiran abin da filin kulob ɗin Benfica ko na Porto ke ɗauka gaba ɗaya kafin alƙalin wasa ya busa usur.

2/ Wani ɗan'uwa ya ce in rubuta "waƙar kulob" in huta. Ban gamsu ba. Waƙa ta yi faɗi, ta biki ma waƙa ce.

3/ Ni "take" nake so. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san abin da nake nufi: makaɗi na buga taken ɗan dambe, sai ka ga tsuma ta kama shi, ya zabura ya fito tsakiyar fage. Take yana da mai shi, ba a aronsa, kuma aikinsa ya tayar da jini. Idan mun yarda da "taken ƙasa", me zai hana "taken kulob"?

4/ Asalin nasu taken ma ya goyi bayana. A 1890 Birtaniya ta ba Fotugal wa'adi ta janye daga yankin da ke tsakanin Angola da Mozambik, gwamnatin sarki kuma ta miƙa wuya. Cikin wannan takaicin Alfredo Keil ya tsara kiɗan, Henrique Lopes de Mendonça ya rubuta baitocin. Amshinsa kira ne a ɗauki makamai. Sai a 1911, bayan an kawar da sarauta, ya zama taken ƙasa. Abin da aka haifa don zaburar da mutanen da aka wulaƙanta ya fi ƙarfin a ce masa waƙa kawai.

5/ Ku duba 2004 da suka karɓi baƙuncin gasar Turai. Kocinsu Scolari ya roƙi jama'a su rataya tuta a tagogi, suka amsa. Girka ta doke su a wasan ƙarshe a Lisbon. Sai a 2016 suka ɗauki kofin a Faransa, ƙasar da 'yan Fotugal masu ci-rani suka daɗe da zama. Abin da ke taɓa ni shi ne, ɗan Benfica da ɗan Porto da ba sa ga maciji, ranar wasan ƙasa baki ɗaya suke ɗaukar taken nan.

6/ Saura gajerun waƙoƙin da 'yan kallo ke maimaitawa da tafi da ganga ana tsakiyar wasa. Su cânticos suke ce musu, sun bambanta su da hino. Wata 'yar'uwa ta kawo "kirari", amma kirari faɗarsa ake yi, waɗannan kuwa rerawa ake yi da amshi. Na tsaya a kan "waƙar zuga".

7/ Abin da zan sa a rubutun ke nan: taken ƙasa, taken kulob, waƙar zuga. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, idan da wata kalma kuke kiran na ukun nan a filayenku, don Allah ku faɗa mini kafin in miƙa aikin.