Lemon da ba sukari: a bar wa mai ciwon suga ko a hana shi?

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. An samu Alhaji da ciwon suga, likita ya ce ya bar lemon kwalba, shi kuma ya koma shan Coke Zero, kullum ɗaya bayan la'asar. Yanzu an turo min wani saƙon murya wai abin da ake zuba masa a madadin sukari yana kawo ciwon daji, wato kansa. Hankalina ya tashi. In hana shi ne?

Kawu Bala: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki hana shi kawai. Abin da zai yi zaƙi kamar sukari alhali ba sukari ba ne, ni hankalina bai taɓa kwanciya da shi ba. Ga zuma Allah ya hore mana, ga dabino.

Sista Hadiza: Kawu, a yi haƙuri, amma a nan zan saɓa maka. Zuma da dabino da mazarƙwaila duk suna ɗaga sugan jini. Mai ciwon suga ba zai ɗauke su a matsayin mafita ba, sai dai ɗan abin da likitansa ya ƙayyade masa. Muna yawan ganin waɗanda suka bar farin sukari suka koma zuba zuma cokali uku a shayi, su zo awo suga yana sama suna mamaki.

Nasiru Kemis: Hajiya, ina kyautata zaton na san tushen wannan saƙon. Sinadarin da ake magana a kai shi ne asfatem, a jikin kwalba za ki ga an rubuta aspartame. A watan Yulin 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon a Faransa, ta saka shi a rukunin 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa suna iya jawo kansa amma hujjar da aka samu ba ta da ƙarfi. Ruwan ganyen alobera da ba a tace ba ma yana cikin wannan rukunin. Taba sigari da giya kuwa suna rukuni na 1, inda babu tantama.

A wannan ranar kuma wani kwamitin na daban, wanda aikinsa shi ne duba yawan abin da mutum zai iya sha, ya ce bai ga dalilin sauya ma'aunin da ake kai ba: miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 70 sai ya wuce gwangwani 9 zuwa 14 kullum kafin ya tsallake iyakar, in ba ya samun sinadarin daga wani abincin. Masu tura saƙo sun ɗauki rabin farko sun bar na biyu.

Hajiya Rabi: Alhamdu lillahi. Ke nan ɗaya a rana ba komai?

Nasiru Kemis: Ta fuskar wannan ma'aunin, yana nesa da iyaka ƙwarai. Amma ki gaya wa likitansa yana sha, don shi ya san sauran abin da ke jikinsa.

Abdul Jos: Yaya Nasiru, ni dai ban gamsu gaba ɗaya ba. Akwai babban binciken da aka yi a Faransa, ya fito a 2022, aka bi mutum sama da 100,000 shekara da shekaru, aka ga masu yawan shan irin waɗannan sinadarai sun ɗan fi kamuwa da kansa. Wannan fa?

Nasiru Kemis: Binciken gaskiya ne, kuma yana cikin abin da aka duba kafin a yanke wancan hukuncin. Matsalarsa ita ce kallo aka yi, ba gwaji ba. Su wa suka fi shan lemon da ba sukari? Masu ƙiba da waɗanda aka riga aka gargaɗa game da suga, kuma ƙiba ita kanta tana ƙara haɗarin wasu nau'o'in kansa. Masu binciken sun yi ƙoƙarin cire tasirin wannan a lissafinsu, amma ba ya fita tas. Shi ya sa aka ce a ci gaba da bincike, ba a ce a janye shi daga kasuwa ba.

An taɓa yin irin wannan tashin hankali a kan sakarin, wani sinadarin zaƙi na daban. A shekarun 1970 aka ga yana sa wa ɓeraye kansar mafitsara, Amurka ta sa a riƙa rubuta gargaɗi a jikinsa, daga baya aka gano abin da ke faruwa a mafitsarar ɓera ba ya faruwa a ta mutum, aka cire gargaɗin a 2000.

Anti Zulai: Tunda an ambaci sakarin, ni shi ya fi damuna fiye da na kamfani. Ina sana'ar zoɓo da kunun aya, na san abin da ake yi tunda sukari ya yi tsada. Ana sayo sakarin a ƙulli a kasuwa, ba suna ba takarda, a zuba da ido. Na kamfani aƙalla an auna, akwai lambar NAFDAC, an rubuta abin da ke ciki. Wanda ke cikin robar zoɓo ko ƙanƙarar da yara ke saya a ƙofar makaranta, wa ya auna? In kin sha kika ji wani ɗaci-ɗaci ya biyo bayan zaƙin a maƙogwaro, to galibi shi ne.

Sista Hadiza: Anti ta taɓo inda yake min ciwo. Ma'aunin nan da nauyin jiki yake tafiya. Yaro mai kilo 20 iyakarsa miligiram 800 ne na asfatem, gwangwani 3 zuwa 4 ke nan, ga cingam ga alewa ga yogot, wasu duk da shi a ciki. Ni ba na ba yarana, ba don tsoron kansa ba, sai don kada harshensu ya saba da cewa komai sai da zaƙi.

Abu biyu kuma, Hajiya, ki riƙe su da kyau. In Alhaji yana kan allurar insulin ko ƙwayar da ke sauke suga, wata rana suga zai iya faɗuwa, ya fara zufa da karkarwa da jiri. A wannan lokacin Zero ba zai yi masa komai ba, domin babu sukari a ciki. Lemo mai sukari na gaske ake ba shi, kamar rabin kofi, ko sukari a ruwa, in dai yana iya haɗiya. A gaya wa duk mutanen gidan, har direba.

Na biyu, akwai wata cuta ta gado da ake haihuwar yaro da ita, PKU, wadda jiki ba ya iya sarrafa wani ɓangare na asfatem. Su kam haramun ne a gare su, shi ya sa ake rubuta gargaɗin phenylalanine a jikin kwalbar. Cutar ba ta da yawa.

Ummi: Ni don rage ƙiba nake sha. Yana aiki kuwa?

Nasiru Kemis: Ƙanwata, a watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da waɗannan sinadarai don rage ƙiba, domin ba a ga amfanin yana ɗorewa ba. Ta ce shawarar ba ta shafi waɗanda suka riga suna da ciwon suga ba. Amma ki yi lissafi: Coke na asali yana da sukari giram 10 da ɗoriya a kowane mililita 100, robar 50cl ta wuce giram 50 ke nan, wajen ƙaramin cokali 12. Wannan kaɗai ya kai iyakar sukarin da hukumar ta ba babban mutum a yini guda. In kina shan wannan kullum kika koma Zero, kin rage abu mai yawa. In kuma za ki ce tunda na sha Zero bari in ƙara fanke, to an koma gidan jiya.

Kawu Bala: To na ji batun zuma, na karɓa. Amma haƙora fa? Likitan haƙori ya hana ɗana duka biyun, mai sukari da marar sukari.

Sista Hadiza: Yana da gaskiya, Kawu. Tsamin da ke cikin lemon gas yana cin fatar haƙori ko da sukari ko babu. A sha tare da abinci, a kurkure baki da ruwa, kada a goge haƙori nan take. Kuma Coke Zero yana da sinadarin caffeine, irin na kofi, mai hawan jini ko mai wahalar barci ya kiyaye shan shi da dare.

Anti Zulai: Hajiya, ga abin da nake yi wa masu suga a cikin kwastomomina. Zoɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba kaɗan don ƙamshi, ba sukari ko ƙwaya, a sa a firji ya yi sanyi sosai. Kwanakin farko zai ce ya yi tsami, daga baya bakin ya saba. Ko ruwan sanyi da lemon tsami da na'a-na'a.

Sista Hadiza: Yana da kyau, sai dai zoɓo yana ɗan sauke hawan jini. In yana shan maganin hawan jini, kofi ɗaya ya isa, kuma a sanar da likita.

Abdul Jos: A riƙa duba jikin kwalba kuma, jama'a. Wasu lemukan da ba a rubuta Zero ba ana haɗa musu sukari da sinadarin zaƙi a wuri ɗaya, mai suga ya ga sunan sinadarin ya ɗauka babu sukari. Wurin da aka rubuta yawan sukari a mililita 100 za a duba.

Hajiya Rabi: Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Anti Zulai, zoɓon nan dafawa kike yi ko jiƙawa?

Anti Zulai: Ki tafasa ruwa da cittar da kanumfarin, ki sauke, sannan ki zuba zoɓon da kika wanke, ki rufe ya kwana. Da safe ki tace.