Madarar safe na tsinkewa kafin azahar, ko a cikin firji

Mai Shanu Huɗu, Kumbotso:
Assalamu alaikum. Shanu huɗu nake tatsa, Bunaji biyu, ruwa-biyu biyu, ina samun kamar lita 18 da safe. Tun shigowar zafin Afrilu sau uku ke nan madarata na tsinkewa, alhali ina gama tatsa nake sa jarkar a firji. Jiya da azahar na taɓa jikin jarka da sanyi, da na juye sai na ji ta tsakiya da ɗumi kamar yanzu ta fito daga hantsa. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka.

Maman Biyu, Zariya:
Wa alaikumus salam. Malam, ai ka ba kanka amsa. Madara tana fitowa daga jikin saniya da zafin digiri 37 ko sama kaɗan, ana so ta sauka zuwa digiri 4 cikin kamar awa biyu. Iskar firji ba za ta ratsa jarkar lita 20 cikin wannan lokaci ba, balle ta roba. Ni ma na zubar da ta kwana biyu kafin in gane. Yanzu baho nake cikawa da ruwa, in fasa ƙanƙara a ciki, in tace madarar da farin ƙyalle cikin garwar silba, in tsoma ta har wuya. Duk bayan minti goma sai in juya da ludayi mai tsabta, don ta tsakiya ta zo gefe. Sai ta yi sanyi ƙarara nake kai ta firji. Hannu yana ruɗi, shi ya sa na sayi ma'aunin zafi.

Baba na Ladduga:
Hajiya, mu da ba mu da wuta fa? A inuwa muke ajiye garwa cikin ruwan rijiya, mu rufe da jiƙaƙƙen buhu. Da hunturu yana kai mu har hantsi lafiya lau, amma da bazara awoyi kaɗan yake ara mana. Abin da ba a saya da wuri ba, iyali su dafa, ya huce, a zuba iri a yi kindirmo.

Ɗan Maraɗi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, haka muke yi a nan. Ni kuskurena daban ne. Ta yamma ta kwana da sanyinta, da safe na zuba sabuwa mai ɗumi a kanta don kada in ɗauki garwa biyu a babur. A wurin masu karɓar madara aka ɗebi kaɗan aka haɗa da sinadarin gwaji, nan take ta yi gudaji. Lita 25 na dawo da ita gida, ga kunyar layi.

Maman Biyu:
Ayya! Kowace da mazubinta, sai sanyinsu ya zo ɗaya ake haɗawa.

Mai Shanu Huɗu:
Na gode ƙwarai. Yau na raba ta gida biyu a tukwanen silba, na yi dabarar bahon Hajiya, har la'asar ba ta tsinke ba. Sai dai kuɗin ƙanƙara ya cinye ribar kusan lita biyu. Daren nan zan sa robobin ruwa a firiza, in ba a ɗauke wuta ba.