Dan Allah shawara: an ba 'yata aikin makaranta a kan Lucretia Mott, tsohuwar mai wa'azin 'yan Kweka

Maman Ihsan:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema dan Allah. Mu a Filadelfiya ta ƙasar Amurka muke zaune, yarinyata tana aji bakwai, to an raba musu aiki a darasin tarihi, kowa zai ɗauki mutum ɗaya ya yi shigarsa ya tsaya gaban aji ya ba da labarinsa tun daga haihuwa har mutuwa kamar shi ne mutumin. Ita aka ba ta wata tsohuwa wai ita Lucretia Mott da ta yi yaƙi da bauta. Da muka zauna karantawa sai na ga ashe mai wa'azi ce a wata ɗarikar Kirista da ake ce wa Kweka, kuma duk inda ka taɓa a labarin sai addinin ya fito. Babansu ya ce in je in roƙi malamar ta canja mata wani, ko a cire maganar addinin gaba ɗaya a bar ta bayi kawai, yarinyar kuma ta riga ta ƙwallafa rai har ta fara haddace shekaru. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne ta miƙe gaban mutane tana cewa ni ce wance na yi wa'azi kaza. Ya kuke gani?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai a ganina kar a canja, kuma kar a cire addinin, don in an cire shi labarin ba zai tsaya da ƙafarsa ba, yarinya za ta faɗi abin da matar ta yi amma in aka tambaye ta dalili sai ta yi shiru.

An haife ta a 1793 a tsibirin Nantucket, inda maza ke tafiya teku su daɗe ba su dawo ba, mata ne ke riƙe gida da shago, uwarta ma shago take da shi. Ta yi koyarwa a makarantar kwana ta 'yan Kweka, a nan ta ga ana biyan malamai mata ƙasa da maza nesa ba kusa ba, a nan kuma ta haɗu da James Mott da ta aura a 1811. 'Ya'ya shida suka haifa. A 1817 ɗansu Thomas ya rasu yana ɗan shekara biyu, to bayan wannan rashin ne ta fara miƙewa tana magana a wajen ibadarsu, a 1821 jama'arta suka rubuta sunanta cikin masu wa'azi tana da shekara 28.

Abin da ya kamata Ihsan ta riƙe shi ne su sun yi imani akwai hasken Allah a cikin kowane ɗan Adam, baƙi ko fari, mace ko namiji. To matar nan ba ta bar maganar a baki ba. Ta daina sayen sukari da auduga da duk abin da bayi suka noma, mijinta kuma ɗan kasuwar auduga ne, ya haƙura da audugar ya koma sayar da ulu. Ku duba fa, abincin gidansu ke nan suka taɓa. A 1833 ita da wasu mata baƙaƙe da farare suka kafa ƙungiyar mata masu yaƙi da bauta a nan garinku. A watan Mayun 1838 'yan tarzoma suka ƙona Pennsylvania Hall inda suke taro, daga baya suka nufi gidanta, ita kuwa tana zaune a falo da iyalinta ta ƙi gudu, wani masoyinsu ne ya shiga gaban taron ya karkatar da su wata hanya.

Anti Saratu:
Ƙanwata Maman Ihsan, ni Kirista ce, a Jos na tashi, yanzu ina Ingila ina aikin kula da tsofaffi, kuma na taɓa raka wata tsohuwa wajen ibadar 'yan Kweka. In kina tunanin fasto da mimbari da ganga ne, ba haka ba ne sam. Ɗaki ne kawai da kujeru an jera su suna fuskantar juna, babu gicciye a bango, babu waƙa, babu mai jan sallah, kowa ya zauna shiru wajen awa guda har kina jin agogon bango. Can sai wani ya miƙe ya yi 'yar magana ya zauna, a koma shiru, in an gama a gaisa hannu da hannu. Ba su da baftismar ruwa, ba sa rantsuwa ko a kotu, ba sa zuwa yaƙi. Mai wa'azi irin Lucretia ba naɗa ta aka yi ba kuma ba ta da albashi, jama'a ne suka shaida in ta yi magana tana shiga zuciya. Amma kar yarinyar ta ce duk 'yan Kweka haka suke, na Kenya misali, waɗanda suna da yawa sosai, suna da fastoci suna kuma waƙa.

Su kansu na zamaninta ba duka suka yarda da ita ba. Sun rabu gida biyu a 1827, ita ta bi ɓangaren wani mai wa'azinsu Elias Hicks, ɗaya ɓangaren na ganin ta kauce hanya. Da ta je taron yaƙi da bauta a Landan a 1840 kuma aka hana ta kujerar wakili don ita mace ce.

Malam Abu Hanan:
Hajiya damuwarki tana kan hanya, shi ma maigida kar a ga laifinsa, kishin tarbiyyar 'yarsa ne. Amma ba da labarin aƙidar wani daban, furta ta a matsayin taka daban. Mafita mai sauƙi, ki rubuta wa malamar cikin ladabi ki ce kuna so yarinya ta yi bayanin da "ta yi, ta ce" maimakon "na yi, na ce". Ki kuma zauna da ita a gida ki nuna mata inda muka haɗu da su, kamar tausayin wanda aka zalunta da gudun almubazzaranci, da inda muka rabu. In hankalin maigida bai kwanta ba ku je wajen limamin masallacinku tare, kar ki yanke ke kaɗai.

Hajiya Ummi:
Wlh ni shigar ma ba ta dame ni ba, ki duba hotonta na tsufa, doguwar riga mai ruwan toka har ƙasa, farin mayafi an naɗe a kafaɗa ya rufe ƙirji, da farar hula ta rufe gashi. Ihsan ta ɗora a kan hijabinta shi ke nan. Kuma wani abu da zai burge ta, 1793 ɗin nan ita ce shekarar da aka haifi Nana Asma'u 'yar Shehu, ba su san juna ba ko kusa, amma yarinya za ta ji daɗin sanin cewa lokacin da wannan ke yawon wa'azi a Amurka tamu tana can tana tura jajis karantar da mata a ƙauyuka.

Maman Ihsan:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Malam zan yi yadda ka ce insha Allahu, na karanta wa babansu amsoshin ya ce in dai da "ta ce" ne ba matsala. Saura ɓangaren tsufa da mutuwa, abin da muka samu layi biyu ne kawai, ta rasu 1880 shi ke nan, malamar kuma ta ce lallai a kai har ƙarshe.

Baban Khalifa:
Ai nan ne ma ni ya fi taɓa ni Hajiya, don mutane suna tsayawa a taron Seneca Falls na 1848 da ta shirya da Elizabeth Cady Stanton kan haƙƙin mata, alhali ta ƙara shekara 32 bayan nan tana aiki. A 1857 suka bar cikin gari suka koma wani gida da ake kira Roadside a arewa da Filadelfiya saboda lafiyarta, da ma mace ce 'yar ƙarama mai fama da ciwon ciki tun da daɗewa. Lokacin yaƙin basasar Amurka aka kafa sansanin horar da sojoji baƙaƙe, Camp William Penn, dab da gidanta. Ki duba wannan jarrabawa, matar da ba ta yarda da yaƙi ba, ga shi yaƙi ne zai 'yanta bayin da ta ƙare rayuwarta a kansu, kuma samarin da za su je suna maƙwabtaka da ita. Ba ta sauya ra'ayi kan yaƙi ba, ba ta kuma juya musu baya ba.

Sai rashe-rashe suka biyo baya, 'yarta Elizabeth a 1865, mijinta a 1868 bayan aure na fiye da shekara 56, 'yarta Anna a 1874, ƙanwarta Martha a 1875. Duk da haka a 1878 tana da shekara 85 sai da ta je Rochester taron cika shekara 30 da Seneca Falls. Ta rasu a gidanta ranar 11 ga Nuwamba 1880 tana da shekara 87. An ruwaito cewa a bakin kabari jama'a suka yi tsit, wani ya tambaya ko ba mai cewa komai ne, aka amsa masa da cewa wa zai yi magana, mai wa'azin ce ta mutu. Ta ga an haramta bauta a 1865, amma ƙuri'ar mata sai 1920, shekara 40 bayan rasuwarta.

Anti Saratu:
Tunda a garin kuke ƙanwata, kabarin yana maƙabartar Fair Hill a kan titin Germantown. Duwatsun 'yan ƙanana ne kusan duk tsayi ɗaya don ba sa fifita kabarin kowa, nata yana gefen na mijinta, sai kun duƙa za ku karanta sunan. Ku fara bincika ranakun da suke buɗe ƙofa kafin ku tashi, sannan ta ɗauki hoto ta manna a fostarta.