Me za mu kira "backlash" da Hausa: giɓi, wasa ko rata?

Malamin Fasaha: Assalamu alaikum. Ana shirya takardar koyar da yaran gareji yadda ake kwance akwatin giya na ƙaramar tarakta, a duba shi, a mayar. Boris da giya da shaf duk sun zauna a bakin mutane. Kalmar da ta tsaya mana ita ce backlash. Giya biyu sun sarƙe, ka riƙe ɗaya gam, ka jujjuya ɗayar gaba da baya da yatsa, za ka ji ta ɗan motsa ta yi ƙas-ƙas kafin haƙori ya taɓa haƙori. Wannan ɗan motsin ake nufi. Masu fassara kan kawo "martani", wannan kuwa ma'anarta ce a siyasa, ba ruwanta da inji. An kawo shawarar "giɓi". Me kuka gani?

Baba Bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, giɓi kam a'a. Giɓi gurbin haƙorin da ya fita ne, giya mai giɓi ta tashi aiki sai canji. Shi kuwa abin da kake magana ba lahani ba ne, da gangan masu ƙera injin suka bar shi. Ta nan mai yake shiga tsakanin haƙora, kuma in ƙarfe ya ɗau zafi ya buɗe, nan ne yake samun wuri. Ka toshe shi, akwatin zai riƙa kuka kamar jiniya, man ya ƙone, haƙora su ci juna. A gareji "wasa" ake cewa: giyar nan wasanta ya yi yawa.

Injiniyan Gona: Baba, wasa daidai ne a baki, amma a takarda zai rikita yaro, don wasa uku ne a cikin akwati ɗaya. Akwai na tsakanin haƙora. Akwai na shaf, in ka tura shi ciki ka jawo shi waje. Akwai na cikin boris ɗin kansa, tsakanin ƙwallaye da zobe, wanda in ka ga C3 a jikin boris, ana nufin an ƙara masa shi don wurin da ke zafi. Kowanne da ma'auninsa da maganinsa. Yaro ya ji "rage wasa" ya je ya ɗaure notin shaf tamau, ya kashe boris, haƙora kuwa suna nan yadda suke.

Usta na Maraɗi: Haka yake a wajenmu. Faransanci ma "jeu" yake cewa, wato wasa, sai an ƙara masa wata kalma kafin a san na haƙora ne ko na shaf. To mu ma mu ƙara.

Malama Hadiza: Ni wushirya ce ta faɗo mini. Giɓi asara ne, wushirya kuwa halitta ce, har ado ake ɗaukarta, ka ga ta dace da sararin da aka bari da niyya.

Malamin Fasaha: Malama, kalmar ta yi daɗi ƙwarai. Inda ta kauce shi ne, wushirya tsakanin haƙora biyu na jeri ɗaya take. A giya wannan shi ne kwarin da haƙorin ɗayar giyar yake faɗawa. Abin da muke nema shi ne ɗan sararin da ya rage bayan ya faɗa ɗin.

Injiniyan Gona: To a ce "ratar haƙori". Rata ana aunata, ana cewa ta yi yawa ko ta yi kaɗan, kuma ba ta nuna ɓaci. Ku ji yadda take zama a umarni. A wanke giyoyin da kalanzir su bushe, don mai mai kauri yana ɓoye rata. A kafa agogon awo mai nuna 0.01 na milimita, bakinsa a kan gefen haƙori, yana fuskantarsa kai tsaye ba a karkace ba. A riƙe ɗaya giyar, a kaɗa wannan, a karanta. A maimaita a wuri huɗu a kewayen giyar. In awon ya sha bamban sosai daga wuri zuwa wuri, shaf ya lanƙwashe ko giyar ba ta zauna daidai ba, ko datti ya maƙale a bayanta. Ga giya mai miƙaƙƙun haƙora, ƙiyasin da ake bi shi ne kusan 0.04 sau lambar girman haƙori, wato modul. Mai modul 3 za ta ba da wajen 0.12 na milimita. Ratar babbar giya da ƙaramarta da ke juya tayoyin bayan mota galibi tsakanin 0.13 da 0.20 na milimita take. Amma littafin injin shi ne alƙali. In babu agogo, a saka siririyar wayar dalma tsakanin haƙora, a juya ta wuce, a auna kaurin inda ta baje.

Baba Bakanike: Rata ta shiga kunnena. Sai dai a rubuta wa yara cewa ba a auna ta a kan mataccen boris. Boris ɗin da ya ci yana barin shaf ya ja baya, rata ta buɗe, a ɗora wa giya laifi a sayi sabuwa a banza. A fara da boris. A wanke, a ɗiga masa mai, a juya da hannu a hankali; in ka ji kamar yashi a ciki, ko ka ga zoben ya yi shuɗi don zafi, ko ya yi zanzana, a canza. Kada a hura masa iskar kwamfuresa yana gudu a bushe. Lambarsa tana jikinsa: 6205 raminsa milimita 25, faɗinsa 52, kaurinsa 15, 6204 kuwa 20, 47, 14. Wajen sakawa a shaf, zoben ciki ake turawa da bututu daidai girmansa. Duk wanda ya bugi zoben waje, ƙarfin ya bi ta ƙwallaye ya lotsa hanyarsu, ya kashe sabon boris tun bai fara aiki ba. In ya yi tsauri a ɗumama shi a cikin mai, kada ya wuce digiri 120. Shi kuma motsin mataccen boris muna da sunansa tuntuni: girgiɗi, kamar haƙorin da ke shirin fita.

Usta na Maraɗi: Baba, a ƙara wannan. Giyoyi masu miƙaƙƙun haƙora a kan shaf biyu da ke kwance gefe da gefe, ba a gyara ratarsu. In boris lafiya yake kuma rata ta wuce ƙima, haƙora sun cinye, kuma biyun ake canzawa tare. Masu haɗuwa a kusurwa su ne ake gyarawa da siraran zoben ciko masu kaurin 0.05, 0.10 ko 0.20 na milimita. Matso da babbar kusa da ƙaramar, rata ta ragu. Bayan nan a shafa shuɗin alama a haƙora uku ko huɗu, a juya, a ga tambarin ya fito a tsakiyar haƙori, ba a baki ko a gindi ba.

Malamin Fasaha: Madalla, Allah ya saka da alheri. A takarda za a rubuta ratar haƙori a madadin backlash, motsin shaf ciki da waje ya zama wasan shaf, girgiɗi na boris ɗin da ya ci, giɓi na karyayyen haƙori, zanzana kuma ta ƙananan ramukan da ke fitowa a fuskar ƙarfe. Saura ɗan matsin da ake ba boris mai siffar mazurari tun kafin ya ɗau kaya, wanda Turawa ke kira preload. Baba, "ɗauri" kuke cewa ko "matsi"?