Shawarar Dattawa Ga Mai Bishara Da Ya Karaya

Bayan sujadar Hausa a Agege, wani matashin mai bishara ya ce gwiwarsa ta yi sanyi: dangi sun juya masa baya, tsadar kuɗin mota a Legas kuma ta rage masu zuwa coci.

Dattawa sun fi daɗewa kan annabi Iliya. Da ya guje wa sarauniya Yezebel, Allah bai fara da tsawatarwa ba. Abinci da barci ya samu tukuna, sannan aka sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunki Ba'al ba. Saboda haka suka ce wa mai bisharar ya huta, ya nemi abokin addu'a. Wannan ta ratsa ni ƙwarai.

Wata mama ta ce, "Ɗana, kada ka rama zagi, kada kuma ka sassauta gaskiya don a so ka. Dangin nan, ci gaba da gaishe su."